Bangon Gabas na Makarantar Laka

Sunana Jemima, a Abbare Uwar Rufus ake ce mini. Ban yi boko ba. Judith matar ɗana ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana don ta yi wa manya daɗin ji, zan sa wani ya karanta mini, in yaga takardar a gabanta.

Ranar Litinin ce, sati na biyu da komawar yara bayan dogon hutu, cikin daminar 1995. Kwana uku sama tana zuba. Da safe ina tsugune ina fama da jiƙaƙƙen itace, sai na ji ƙasa ta amsa a ƙarƙashin ƙafata, dim, kamar an jefo buhun masara daga kan mota. Kafin in gyara zani ihu ya tashi daga wajen makaranta.

Bangon gabas na aji uku ne ya zube. Rabinsa ya faɗa cikin aji, rabi ya danne katangar baya ya karya ta. Da hannu aka yi ta tono, maza da mata, ba mai tambayar wani coci yake zuwa ko masallaci. Rufus ɗana, wanda shi ya gina bangon, shi ya fara kaiwa ga ƙafar yarinyar da ya danne. Hajara ce, 'yar Alhaji Maishanu mai sayen fatu, shekararta tara. Ranar ita ke da shara, shi ya sa ta riga kowa zuwa. Tsintsiyar tana hannunta.

Ba a gama rufe ta da zani ba Ɗanladi mai buga bulo ya ɗaga murya.

"Ban faɗa ba? Laka a tsakiyar birni! Na ce damina uku ba za ta kai ba!"

Alhaji Maishanu ya kama wuyan rigar Rufus da hannu biyu yana jijjiga shi. "Ka kashe mini 'ya, magini. Ka kashe ta." Rufus bai ɗaga hannu ba. Da 'yan sanda suka zo, da kansa ya hau motar.

*

Sai na faɗi yadda aka yi makarantar, don masu cewa laka su ji.

Da aka ba mu jiha, Jalingo ta cika da baƙi, siminti ya zama na masu hali, yaran Abbare kuma suna karatu a gindin mangwaro. Sai ga wata yarinya mai zanen gini, Najiba, 'yar Zazzagawan nan masu shago a kasuwa, ta ce za a yi makaranta da ƙasar da ke wurin. Aka yi mata dariya. Inda aka haƙi ƙasar tubali, ramin aka gyara ya zama rumbun ruwan sama, indararo yana zuba masa. Aka ɗora harsashin dutse har gwiwa. Bango kaurinsa kamu guda. Can sama kusa da rufi ta bar ƙananan ƙofofi don zafi ya fita, ta sa aka shimfiɗa zana ƙarƙashin kwano, bakin rufin kuma ya zarce bango sosai, musamman ta gabas inda ruwa ke bugowa. A watan zafi, lokacin da makarantun bulo ke sallamar yara tun kafin azahar, namu suna zaune ko gumi babu.

Rufus ya yi gini. Ni na yi daɓe da makuba. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa har ruwan ya yi ja kamar shayi, a shafe bango da shi, ruwa ya riƙa zamewa kamar a bayan agwagwa. Uwata ta koya mini, ita ma uwarta. Duk shekara kafin ruwan fari ake sabuntawa.

Bayan bangon gabas akwai lungu tsakaninsa da katanga, da ƙofa mai kwaɗo. Makullin yana hannun hedimasta, Malam Timoti. Shekarar da ta gabaci faɗuwar, da na zo da makuba, ya ce makullin yana wajen wani. Shekarar faɗuwar kuma ya ce, "Mama, ya ɓata. Ki bari sai baɗi, ai rufi ya kare wurin." Na shafe gefe uku na tafi. Sau biyu ke nan. Wannan laifina ne, Judith, rubuta shi. Da madaɓina a hannu, da na fasa kwaɗon.

Amma a caji ofis, wannan Timotin da muke zama benci ɗaya a coci, ya ce da idonsa ya ga na shafe duk gefe huɗu. Ya ce ba abin da ya taɓa bangon, aikin ne kawai ba shi da kyau. Na ce ƙarya yake yi. Sufeto ya ce, "Mama, shi ya yi rubutu ya sa hannu. Ke fa?"

*

Ran Laraba na shiga motar Iware neman Njidda. Tsohon Bafillace ne, ido ɗaya ya yi fari, busasshe kamar sandarsa. In an sace shanu shi ake kira. An ce ya taɓa bin sawun bijimi har kasuwar Mutum Biyu bayan an yi ruwa sau biyu a kai.

Na same shi yana tufka igiya. Ya saurare ni har na gama.

"Dada Rufus, ni sawun shanu nake bi. Bango ba ya tafiya."

"Wannan ya tafi, har ya tafi da 'yar mutane. Tashi."

"Ke haka kike roƙo a garinku?"

"Ba roƙo na zo ba. Ɗana yana bayan kanta. In ido ɗayan ma ya mutu ka faɗa mini, in nemi wani."

Ya yi dariya ba haƙori, ya naɗe igiyar, ya ɗauki buta.

*

Washegari muka shiga makarantar. An sallami yara, ba kowa. Mutum ɗari sun tattake wurin, ni ban ga komai ba sai taɓo. Njidda ya cire takalmi, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron tashin jariri.

A cikin ajin, gindin bangon bai faɗi duka ba, saura ɗan kututture bisa dutsen. Ya tsuguna. Akwai ƙusoshi biyu a jiki da guntun taswira a maƙale.

"Yaran ajin nan a kwance suke karatu?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Na ga an kafa musu takarda a gwiwa."

Ya zaga ta inda katanga ta karye, ya shiga lungun. Can ya nuna mini sawun takalmin roba mai tsagaggen dunduniya, da farin garin siminti a cikin tsagar, kusa da wani rami da aka soka da rodi a gindin harsashi.

Mutum ɗaya ne a Abbare ke yawo da siminti a ƙafa.

*

Ɗanladi yana tsaye kan masu buga masa bulo. Ban yi sallama ba.

"Me ka je yi bayan aji uku da rodi, la'ananne?"

"Kai, Mama! A gaban yarana?"

"A gaban ubanka ma. Shekara uku kana yi wa ginin nan baki. Da bakin bai ci ba sai ka sa ƙarfe."

Ya dubi Njidda, ya dubi takalminsa, ya goge fuska.

"Na je. Ran Talata na je, bayan abin ya faru. Na so in ga ko harsashin zai ɗauki bulo in an ce a sake gini. Kwaɗayi ne, na yarda. Amma ni ba na kashe yara."

"Me ka gani?" in ji Njidda.

"Baffa, abin da na gani bai yi mini daɗi ba, don ya ƙaryata ni. Dutsen nan ko motsi bai yi ba. Rufus ya iya aiki, ko da yake ba zan faɗa a kasuwa ba. Daga saman dutse zuwa ƙugu ne bangon ya zama gari. Ka damƙa ya watse kamar tsohon ƙuli."

Da muka fito na ce wa Njidda mu tafi wajen Sufeto.

"Ba shi ba ne. Sawunsa a kan ɓaraguzai yake, ba a ƙarƙashi ba."

"Tun can ka sani?"

"Tun can."

"To don me ka bar ni na zagi uban mutum?"

"Na ga kina bukata. Ni kuma ina son in ji bakinsa."

*

Najiba tana gidan mahaifinta, an ce ta dakata da zuwa ofis. Na same ta a tabarma da takardun zanenta a baje, ta rame, idanu sun faɗa. Da ta gan ni ta durƙusa.

"Mama, ni na jawo muku. Ni na ce a yi da ƙasa."

"Tashi. Kuka ba zai fito da Rufus ba. Amsa wa mutumin nan."

Njidda ya tambaye ta abin da ginin ƙasa yake tsoro.

"Ruwa a kai da ruwa a ƙafa. Kai na rufe shi, ƙafa na sa dutse. Ranar da aka buɗe makarantar abu uku na gaya wa hedimasta: kada a toshe indararo, kada a fasa makuba, kada a jingina komai a bango. Ko benci." Ta dafe kai. "Na yi ta lissafi. Ko gara ce ta shiga?"

"Babu gara. Na duba."

"To ban sani ba, Baffa. Ko shekara biyar ba makuba, ruwa ba ya kaiwa ƙugun bangon nan. Rufin ya fi ƙarfinsa. Wani abu ne ya ci shi daga tsakiya, ni kuma ban san shi ba."

*

Ran Juma'a aka bar ni na ga Rufus. Na kai masa tuwo, bai taɓa ba. Faratansa uku sun cire wajen tono, yatsun sun kumbura. Mutumin da ke ɗaukar tubali huɗu a hannu ɗaya, ga shi zaune a ƙasa kusa da bokitin fitsari.

"Mama, ko ni ne?"

"Rufe mini baki."

"Ina ta tunawa. Layi na bakwai, ranar da Judith ta haihu, na yi sauri. Ko ban cika laka a tsakani ba?"

"Na ce rufe mini baki. Ni na daɓe ƙasan ajin nan, na jingina da bangon na ci rogo. Na san bangon da aka yi da ha'inci."

Da zan fita Sufeto ya ce Litinin za a kai shi kotu, daga nan sai gidan yari kafin a fara shari'a, shari'ar kisa kuma ba ta sauri. Ya ce, "Gara ma can, Mama. In na sake shi yau, mutanen Alhaji ba za su bar shi ya kai gida ba."

Saura kwana biyu.

*

Ran Asabar Njidda ya je makarantar tun da hantsi, ya zauna gindin mangwaro, ya miƙe ƙafa. Azahar ta yi, ya yi sallarsa, ya koma ya zauna. Ni ina tsaye kamar an kafa ni.

"Don wannan na ɗauko ka daga Iware? Ka zo shan inuwa?"

"Inuwar tana da daɗi. Yarinyar nan ta iya zane."

"Allah ya isa kuɗin motata."

"Dada, zauna. Kina korar mini shaidu."

Na duba, ba kowa sai awakin unguwa da suka shigo ta karyayyar katanga.

"Dubi ciyawar filin nan," in ji shi. "Ta kai gwiwa, ɗanya shar. Akuya ta shigo ta same ta, me za ta yi?"

"Ta ci mana."

"To duba."

Ko ɗaya ba ta sunkuya ba. Suka ratsa ciyawar kamar an aike su, suka wuce tulin ƙasar da ke cikin aji, suka shiga lungu, suka kafa baki a kututturen bangon. Suna lasa, suna ture juna, wani bunsuru har da tunkuyi.

"Tun ran Alhamis na ga sawunsu, duk wuri ɗaya suke zuwa. Na ce sai na gani da idona." Ya tashi, ya kore su, ya ɓalli ƙasar wurin ya sa a harshe. Ya miƙo mini.

Na lasa. Gishiri ne, kamar an zuba a miya har ya yi yawa, da wani ƙarni a bayansa. Na tofar. Shekara hamsin ina aikin ƙasa, na san abin da gishiri ke yi wa gini. Yana jan danshi, yana kumbura ta ciki, ya mayar da tubali gari.

Njidda ya murje wani ɓangaren a tafinsa. Akwai gashi a ciki, gajere, fari da ja.

"Wannan kam na san shi. Ashe dai sawun shanu na zo bi."

Ƙofar lungun tana nan tsaye da kwaɗonta. Ya kama kwaɗon, ya leƙa ramin makulli da idonsa mai kyau, ya shafa, ya nuna mini yatsa. Mai ne.

"Ramin da ya shekara biyu ba a sa masa makulli ba, zanzaro ya daɗe da toshe shi da laka."

Daga bakin ƙofar ta waje ya fara tafiya, kansa a ƙasa. Sawun taya ruwa ya wanke shi tuni. Amma a gefen hanya, cikin koren ciyawa, akwai wani siririn layi da ciyawar ta ƙone ta yi ja, inda wani abu ya riƙa ɗiga daga kurar ɗaukar kaya shekara da shekaru. Muka bi shi. Ya bi bayan gidaje, ya tsallake kwalbati, ya ɓace a kan dutse, Njidda ya zaga ya sake kamo shi. Wata mai toya ƙosai ta ce mana, "In dai warin nan kuke nema, duk dogon hutu ba ma shan iska. Mun ɗauka masai ne na makaranta ya cika."

Layin ya ƙare a bakin wani sito. Buhunan gishiri a jere, ƙiraga a tule har rufi. A ƙofar gidan da ke jikinsa tabarmin makoki ne a shimfiɗe, Alhaji Maishanu yana zaune a tsakiya, ya zuba wa ƙasa ido.

Na buɗe baki. Njidda ya sa sandarsa a gabana.

"Munyal, Dada. Haƙuri. Ba a nan ba."

"Shi ya kama wuyan ɗana!"

"Da hannu biyu ya kama. Wanda ya san abin da ya yi ba ya kamawa haka. Bai sani ba tukuna. Akwai wanda ya sani."

*

Ran Lahadi bayan an tashi coci, Mai unguwa Maliki ya tara mu a filin makaranta. Sai da na zauna a ƙofar gidansa na ce ba zan tashi ba kafin ya yarda. Sufeto ya zo. Najiba ta zo da mahaifinta, Ɗanladi ya zo, Timoti ya zo da rigar coci da Littafi a hammata. Alhaji ya zo da mutanensa, ba su ko dubi inda nake ba. Unguwa ta cika bayanmu.

Njidda ya ajiye faifai a ƙasa da curin ƙasa biyu.

"Wannan daga bangon yamma, wanda ke tsaye. Wannan daga wanda ya faɗi. Rami ɗaya aka haƙo su, hannu ɗaya ya gina. Alhaji, kai ne uban yarinya, kai za ka fara. Ɗanɗana."

"Wasa aka kira ni in yi? 'Yata ko kwana bakwai ba ta cika ba."

"Ba wasa ba ne, Alhaji," in ji Mai unguwa. "Yi haƙuri ka yi."

Ya ɗauki na farko ya taɓa a harshe, ya yar. Ya ɗauki na biyu.

Na zuba masa ido, don na yi kwana shida ina jiran in ga fuskar wanda ya yi wannan abu. Bai tofar ba. Ya tsaya da ƙasar a bakinsa. Ya kai curin hanci. Mutumin da ya shekara talatin yana barbaɗa wa fata gishiri ba sai an gaya masa ba. Ya juya ya dubi lungun, ya dubi inda aka ciro 'yarsa. Ya zauna a taɓo da farar rigarsa.

"Inna lillahi. Hutu ne kawai. Yara ba sa nan."

"Faɗa wa mutane, Alhaji," in ji Njidda a hankali.

"Da damina fata ba ta bushewa, ruɓewa take yi. Tana son inuwa da iska. Duk Jalingo babu wuri irin lungun nan, ruwa ba ya shiga, iska ba ta tsayawa. Hedimasta ya ce ba komai." Ya damƙe ƙasar a tafinsa. "Mukan tula su a jikin bango, da buhunan gishirin. Damina uku. Kafin yara su dawo mu kwashe, mu share."

Najiba ta rufe fuska da gyale. "Har ina tulin yake kaiwa?"

Ya nuna ƙugunsa.

Kowa ya juya ga Timoti. Ya gyara Littafin a hammata.

"Ranka ya daɗe, taimakon maƙwabci na yi. Alhaji ne ya saya wa makaranta ƙararrawa. Ni malami ne, ba magini ba. Ina zan san gishiri yana cin bango?"

"Ka ce makulli ya ɓata," na ce.

"Ya ɓata, daga baya aka gan shi."

"A caji ofis ka ce na shafe gefe huɗu."

"Mama, rikicewa ce, ranar kowa ya rikice."

Njidda ya taka zuwa kututturen ta cikin aji, ya ɗora kan sandarsa a kan ƙusoshin nan biyu.

"Malam, ni ban shiga aji ba tun da aka haife ni. Amma na leƙa sauran ajujuwan, duk takardar nan a sama take, inda yaro zai gani. Wa ya sauko da ta aji uku har gwiwa?"

Sai malamar ajin, wata yarinya da ba ta daɗe da fara aiki ba, ta fashe da kuka daga cikin taro.

"Shi ne. Ranar da muka dawo na nuna masa bangon ya kumbura yana zubar da gari, har yatsa yana shiga. Ya ce in yi shiru kada in tsorata iyaye. Ya kawo taswira ya rufe da hannunsa."

Ban san lokacin da na isa gabansa ba.

"Kwana bakwai, Timoti! Kwana bakwai kana buga ƙararrawa kana tura 'ya'yan mutane ƙarƙashin bangon da ka san ya mutu! Don me? Don gandar da ake aiko maka da ƙafar saniya ran Juma'a? Ka zauna kusa da ni a coci yau, ka rera waƙa, ɗana yana kwance kusa da bokiti yana tambayata ko shi ne!"

Sai da mutum uku suka riƙe ni. Shi kuwa Sufeto ne ya raba shi da mutane, ya tura shi mota. Littafin ya faɗi a taɓo, ba wanda ya ɗauka.

Alhaji yana zaune inda yake. Ƙasar tana hannunsa.

*

Ran Talata aka saki Rufus. Ba a kai shi kotu ba, ba a kuma ce masa a yi haƙuri ba.

Timoti ya kwana huɗu a caji ofis. Yana da ɗan'uwa a sama. Aka mayar da shi wata makaranta can wajen Mutum Biyu, har yanzu yana buga ƙararrawa. Alhaji ya rufe sitonsa. Ya zo ƙofar gidana sau ɗaya, ya tsaya, ya cire hula. Na ba shi kujera. Ban zage shi ba, don abin da ke kansa ya fi bakina. Ban kuma ce na yafe ba.

Bayan wata biyu wasu jami'ai masu taye suka zo suka auna, suka rubuta takarda. Najiba ta karanta mini ita a tsakar gidana. Sun ce ruwan sama ne mai yawa da raunin ginin ƙasa. Babu gishiri a ciki, babu makulli, babu taswira. Sun ce kada a sake gina makaranta da ƙasa a cikin gari. Aji uku aka tayar da shi da bulo a kan dutsen Rufus. Ku je da azahar a watan zafi ku ga yaran ajin a waje, a raɓe jikin tsohon bangon yamma suna neman sanyi.

Da bazara ta zo na jiƙa makubata, na ɗauki madaɓi, na je na fasa sabon kwaɗon da aka sa a lungun. Na shafe duk bangon da ya rage, gefe huɗu. Ba wanda ya aike ni, ba wanda ya hana ni.

Rufus ya koma aiki, amma ba a ba shi gini, sai gyaran katanga. In an ce Rufus, sai a ce wanda bangonsa ya faɗi, don haka takarda ta ce. Kuma ya dawo da wata ɗabi'a. Duk bangon da zai wuce, na gida ko na masallaci ko na coci, sai ya tsaya ya ɓalli kaɗan ya sa a harshe. Yaran unguwa suna binsa suna kukan akuya. Ɗansa na cikinsa ya daina tafiya tare da shi a hanya.

Ba na neman kuɗin kowa. Layi ɗaya nake so a goge a takardar nan, a rubuta abin da ya faru, a karanta shi a filin makaranta inda aka kama wuyan ɗana, da ƙarfi yadda na baya za su ji. Na je ofis sau tara, an ce wanda ya sa hannu an yi masa canji.

Kututturen yana nan a lungu, ba a kwashe ba. Damina biyu ta wuce a kansa, awaki ba su daina zuwa ba. Wanda ya rubuta cewa ruwa ne, ya zo Abbare ya tambayi gidan Uwar Rufus. Ni zan kai shi da kaina, in ɓallo masa ya lasa.